Me ake yi wa baburan MotoGP a gareji daga Juma'a zuwa Lahadi?

Yaron Magazine, Kumasi

Assalamu alaikum manyana. Ina koyon gyaran moto a Suame Magazine, ina kuma bin tseren MotoGP, babbar gasar tseren babura ta duniya. Abin da talabijin ke nuna mana ranar Lahadi minti arba'in ne da ɗoriya, amma an ce tun Juma'a ake aiki. Wane aiki ake yi a cikin garejin nan har kwana uku? An kuma ce baburan ba na sayarwa ba ne, to me ya raba su da manyan baburan da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema? Sannan a tseren Tailan na 2025 Marc Marquez yana gaba, ya rage gudu da gangan ya bar ƙanensa Alex ya wuce, masu sharhi suka ce saboda iskar taya ne. Ta yaya iskar taya za ta sa na ɗaya ya koma na biyu? A taimaka mini da bayani irin na masu sana'a.

Mai Sufana, Aboabo

Wa alaikumus salam ƙanena. Zan ɗauki maganar babur ɗin, na bar wa wasu sauran.

Babban babur da kake gani a titi, ko Yamaha R1 ne ko Honda Fireblade, an ƙera shi dubbai, kowa da kuɗinsa ya saya. Irin waɗannan ne ake gyarawa a shiga gasar Superbike da su. Na MotoGP kuwa ƙira ce ta musamman, 'yan ƙalilan ake yi a shekara don tsere kawai, doka ma ta hana a shigo da babur na kasuwa. Kamfanoni biyar ne ke ƙera su tun da Suzuki ta fita a ƙarshen 2022: Ducati, Aprilia, KTM, Honda da Yamaha. Ƙananan ƙungiyoyi haya suke karɓa daga kamfanin, injiniyoyin kamfanin na biye da babur ɗin, shekara ta ƙare a mayar.

Dokar da aka kafa tun 2012 ta ce inji kada ya wuce cc 1000, silinda huɗu, faɗin fistin kada ya haura milimita 81, giya shida. Babur kada ya gaza kilo 157. Ba fitila, ba jak, ba sitata, da wata na'ura ake murza tayar baya a tayar da shi. Ƙarfinsa ya haura doki 250, kuma kamfanonin ba sa faɗin ainihin adadin. Brad Binder, ɗan Afirka ta Kudu, ya taɓa kilomita 366.1 a awa a kan KTM a Mugello ta Italiya a 2023.

Abubuwa uku ne ya kamata mai gyara ya lura da su a cikin injin. Na farko bawul. Injin na juyawa wajen sau 18,000 a minti. A wannan gudu sifirin ƙarfe ba ya iya mayar da bawul kan lokaci, fistin ya taso ya tarar da shi a buɗe, shi ke nan inji ya tarwatse. Shi ya sa Honda, Yamaha, KTM da Aprilia ke amfani da matsattsiyar iska maimakon sifirin. In iskar ta zurare, dole direba ya kashe inji ya koma gefe. Ducati kuma hannu biyu ta sa wa kowane bawul, ɗaya ya buɗe, ɗaya ya jawo shi ya rufe, kamshaf ne ke tuƙa duka biyun. Saitinsa na cin lokaci ƙwarai, amma ba ruwansa da sifirin.

Na biyu giya. Honda ta fito da wadda ba ta yankewa a 2011: giya ta gaba na kamawa kafin ta baya ta saki, don haka tayar baya ba ta jin girgiza ko da babur na kwance a kwana. Gaba ɗaya akwatin ake zarowa daga gefen inji a canza haƙora gwargwadon filin da aka je. Kuma a juye take: ta ɗaya sama, sauran ƙasa, domin wanda ya kwantar da babur fiye da digiri 60 ba shi da sararin cusa ƙafa ƙarƙashin feda.

Na uku, injin a rufe yake da hatimi. Kowane direba inji bakwai ko takwas ake ba shi a shekara gwargwadon yawan tsere, sai kamfanin da aka yi wa rangwame saboda yana baya. Makanike ba ya buɗe kan inji a gareji. Abin da ake yi shi ne lissafin kilomita: tsohon inji a yi gwajin Juma'a da shi, mai jini a jika a ajiye wa Asabar da Lahadi. Wanda ya cinye rabonsa ya buɗe ƙari, daga layin gareji zai fara tsere bayan kowa ya tafi.

Birkin gaba na kabon ne, Brembo ke yi, faifan milimita 320, 340 ko 355. Ba ya kamawa sai ya yi zafi, aikinsa tsakanin digiri 250 ne zuwa 850. Ƙasa da haka ka matsa ba komai, sama da haka faifan ya fara cinyewa. Shi ya sa a filin da ake taka birki da yawa kamar Motegi ta Japan ko Red Bull Ring ta Ostiriya ake sa babban faifai da bututun kawo iska, a wuri mai sanyi kuma a rufe shi da murfi.

Baban Nima, Accra

Madalla Masta. Ɗana, ga yadda kwanakin ke tafiya.

Kaya na isa tun Talata ko Laraba, a Turai da manyan motoci, in an tsallaka teku a jirgin dakon kaya. Fanko ake ba kowace ƙungiya, su shimfiɗa ƙasa, su kafa bango, su ja wayoyi, su haɗa babura. Alhamis jami'ai su duba babura da kayan sawa, direba da shugaban makanikansa su zaga filin a ƙafa ko a keke, suna duban inda kwalta ta canza da inda ta yi tudu.

Juma'a da safe gwaji na minti 45. Da rana gwaji na awa ɗaya, kuma wannan ne mai zafi, don goman farko ke wucewa kai tsaye zuwa Q2, zagayen ƙarshe na neman layin tashi. A yawancin tseren Turai yana faɗawa ƙarfe ɗaya na rana agogon Ghana, daidai lokacin masallaci, sai dai a kalli maimaici. Asabar gwaji na minti 30, sai Q1 na minti 15, zagayen waɗanda ba su shiga goman farko ba, inda biyu kacal ke tsira zuwa Q2, sai Q2 na minti 15 inda mutum goma sha biyu ke neman layin gaba. Da rana gajeren tsere, wanda aka ƙaro a 2023, rabin nisan na Lahadi, na ɗaya maki 12. Lahadi minti 10 na ɗumama jiki, sai babban tsere, na ɗaya maki 25.

Kowane direba na da babur biyu, shugaban makanikai ɗaya, injiniyan kwamfuta, makanikai kamar huɗu ko biyar, cikinsu akwai wanda taya da mai ne kaɗai aikinsa. Da babur ya shigo, kafin a yi komai sai a nannaɗe tayoyi da bargon lantarki, a soka waya a sauke bayanai. Doka ta hana babur aiko da bayani gareji yana cikin gudu, sai ya dawo. Abin da ake saukewa ya haɗa da yadda shokozoba ta nutse a kowace kwana, ƙarfin da ya matsa birki, yadda ya murɗa totur, bambancin gudun tayar gaba da ta baya, zafin taya. Direba ya ce gaba na gudu masa a kwana ta biyar, injiniya ya buɗe kwana ta biyar ya ga ko shokozobar ta kai ƙasa ne ko shi ya daɗe a kan birki.

Sau da yawa a gwajin Juma'a babur ɗaya a saita shi daban da ɗayan, tsawo ko taurin sifirin, ya hau wannan ya hau wancan. Gyaran yawanci milimita biyu ko uku ne. Kuskuren da ke kashe mako shi ne a canza abu uku lokaci guda: in babur ya gyaru ba a san wanne ya gyara ba, in ya lalace ba a san wanne za a mayar ba.

Kwamfutar inji iri ɗaya ce ga kowa, ta Magneti Marelli, manhajar ma ɗaya tun 2016. Bambancin yana ga lambobin da aka zuba mata. Kwana-kwana ake saita ta: nan a rage ƙarfi don kada baya ta zame, nan a hana gaba tashi, nan a sassauta riƙon inji in an saki totur. Da lissafin nisan da ya ci babur ke gane inda yake. In lissafin ya rikice, sai ya ba da ƙarfin miƙaƙƙen layi a tsakiyar kwana, wannan kuwa hanyar asibiti ce.

Sai mai. Lita 22 ne iyaka ranar Lahadi, 12 a gajeren tsere, ba a ƙarawa a hanya. Tseren kilomita 100 ne zuwa 130, ka ga lita ɗaya kilomita biyar ne da ɗan wani abu. Da irin wannan sha, tanki biyu da ƙyar su kai shi Accra daga Kumasi. Ana sanyaya man kafin a zuba don ya tsuke ya shiga da yawa, amma an hana a sauke shi fiye da digiri 15 ƙasa da zafin gari. Kwamfuta na rage mai a wuraren da direba ba zai ji ba, shi kuma yana da maɓallan sauya tsari a hannun hagu.

Da dare a kwance babur, a wanke, a duba tsaga a firam da wili, a canza duk abin da kilomitarsa ta cika ko da lafiyarsa ƙalau. In direba ya faɗi da safe, sabon babur ake haɗawa kafin rana.

Mai Geji, Asawase

Alhaji ya gama da jadawali. Maganar taya kuma a nan gizo ke saƙa, ƙanena, don ita ce ke raba tsere fiye da inji.

Michelin ce ke ba kowa taya tun 2016, wili inci 17. Kowane direba busassun tayoyi 22 ne rabonsa na mako, goma na gaba, sha biyu na baya, akwai mai laushi, matsakaiciya da mai tauri. Da lamba ake raba su, ma'aikatan Michelin ke ɗaurawa a wili, ƙungiya ba ta zaɓen wadda ta ga dama. To ka lissafa: gwaji uku, neman layi, tsere biyu. Wanda ya ƙona masu laushi ranar Juma'a don ya shiga goman farko, ranar Asabar zai nemi sabuwa ya rasa. Tun Alhamis ake rubuta wace taya za a sa a wane fita.

Tayar ba ta da zane ko ɗaya. Robar ce ke yin laushi da zafi ta manne wa kwalta, shi ya sa take kwana cikin bargo a wajen digiri 90. Wasu ma gefe biyu ba ɗaya ba ne. A Sachsenring ta Jamus kwana goma hagu ne, uku dama, don haka hagun tayar mai tauri ne, daman mai laushi. Duk da haka daman na hucewa kafin a zo kansa, kuma a nan ake yawan faɗuwa.

Yanzu tambayarka. Iska in ta yi zafi tana kumbura, wannan kowane mai faci ya sani. Tayar gaba ta fi kamu in iskarta ba ta yi yawa ba, don ta fi shimfiɗuwa a ƙasa. Amma in ta yi kaɗan ƙwarai, jikin tayar na lanƙwashewa fiye da kima har ya iya fashewa a gudun kilomita 300. Saboda haka aka sa doka, aka fara hukunci a kanta daga tseren Silverstone ta Ingila a 2023. Daga 2024 tayar gaba kada iskarta ta gaza 1.80 a ma'aunin bar, wato wajen 26 a gejin masu faci, a kashi 60 cikin ɗari na zagayen babban tsere, kashi 30 a gajere. Akwai na'urar awo a cikin wilin. Wanda ya gaza, a ƙara masa daƙiƙa 16 ranar Lahadi, 8 ranar Asabar.

Matsalar ita ce iskar da ka sa a gareji ba ita za ka samu a fili ba. In direba na bin bayan wani, zafin salansa da injin na gaba na dukan tayarsa, ga ƙananan fukafukan da ake maƙala wa babur ɗin gaba don su danne shi ƙasa sun tare masa iska mai sanyi. Nan da nan gejin ya haura 2.0, taya ta kumbure, wurin da ke taɓa ƙasa ya ragu, in ya taka birki gaba ta kulle. In kuma shi kaɗai ne a gaba, iska mai sanyi na hura tayar, gejin ya ƙi tashi. Injiniya kuwa tun kafin a tashi zai yanke: mutumina zai ja gaba ne ko zai shiga cunkoso? In ya zaci cunkoso ya rage iska, sai direba ya tsere gaba shi kaɗai, doka ta kama shi. In ya zaci gaba ya ƙara iska, sai tashi ya ɓaci ya faɗa na takwas, ba zai iya wuce kowa ba.

Abin da ya sami Marquez a Buriram ta Tailan ke nan. Allon gabansa ya nuna masa iskar ta yi ƙasa, ya lissafa zagaye nawa yake bukata, ya koma bayan Alex ya ɗumama tayar, da adadin ya cika saura zagaye kaɗan ya wuce ya ci. Maverick Viñales kuma a Katar a 2025 ya ƙare na biyu a kan KTM, aka ɗora masa daƙiƙa 16 ya koma na goma sha huɗu.

A ganina dokar na da dalili, amma tushen ciwon fukafukai ne da na'urar durƙusar da babur. Su suka ƙara wa tayar gaba nauyin da ba a ƙera ta dominsa ba.

Yaron Magazine, Kumasi

Allah ya saka da alheri manyana, kaina ya waye. Masta, mece ce na'urar durƙusar da babur? Kuma in ruwa ya sauko ana tsakiyar tsere, taya suke canzawa kamar na motoci?

Mai Sufana, Aboabo

Babur mai wannan ƙarfi in ka buɗe masa totur gaba ke tashi, kwamfuta kuma ta yanke ƙarfi don ta sauke shi, ka yi asarar gudu. Ducati ta fara kawo dabarar a ƙarshen 2018: a danne babur ya yi ƙasa, nauyi ya sauka, gaba ta daina tashi. Doka ta hana lantarki taɓa shokozoba, don haka da mai da maɗauri na ƙarfe ake yi, direba ya danna da yatsa. A wajen tashi gaba da baya duka ake dannewa. A cikin tsere baya kawai, ta gaba an hana tun 2023. Birki mai ƙarfi ne ke sakinta. In bai taka sosai a kwanar farko ba, gaba ta ƙi saki, babur ya ƙi juyawa. In ta baya ta maƙale kuma tsere ya ƙare: Fabio Quartararo yana gaba da tazara a Silverstone a 2025 tasa ta maƙale, dole ya tsaya.

Daga 2027 an soke ta gaba ɗaya. Inji zai koma cc 850, fistin milimita 75, tanki lita 20, a rage fukafukai, Pirelli ta karɓi taya. A nan na ɗan saɓa da Mai Geji: laifin ba na fukafukai kaɗai ba ne, tayar gaban ma ta daɗe ba a sake mata gini ba alhali babura sun canza.

Ruwa kuma, babur ake canzawa ba taya ba. In aka ɗaga farar tuta, direba ya shigo layin gareji a gudun da bai wuce kilomita 60 ba, ya dire daga wannan ya haye wancan. Na biyun an riga an shirya shi: taya mai zane, sifirin mai laushi, murfi a kan faifan birki don ya riƙe zafi, kwamfuta a tsarin da ke ba da ƙarfi a hankali. Ba waya tsakaninsa da gareji, sai allo da ake ɗaga masa a bango da gajeren saƙo a allon babur, shawara tasa ce. Tayar ruwa a busasshiyar kwalta zagaye kaɗan take yi ta narke. Marquez ya ci Brno a 2017 don ya riga kowa komawa busasshiyar taya. Jorge Martin kuma a Misano a 2024 yana na biyu ya ga yayyafi ya shigo, ruwan ya ɗauke, ya sake shigowa, ya ƙare na goma sha biyar.

Baban Nima, Accra

Ɗana, tunda kan sana'a kake, ga abin ɗauka da abin bari.

Taya mai sanƙo ba tayar tsere ba ce. Waccan roba ce mai kauri da aka yi ta haka, wannan kuwa ta cinye ce saura zare, ruwan farko na damina zai kayar da mai ita. Kada ka rage wa Boxer ko Haojue iska don ka ji ana 1.80. Bi abin da aka rubuta a jikin babur ko littafinsa, ka auna da safe taya na sanyi, da geji ba da yatsa ba, ka sa adadin mai goyo in ɗan okada ne. Kada ka cire matatar iska don neman ƙara, ƙurar hunturu za ta cinye ringi cikin 'yan watanni. Su ruwa zalla suke zubawa a lagireto don ruwan sanyaya inji na da santsi in ya zube a kwalta, kuma kullum suna juyewa. Babban babur na titi in ka bar masa ruwa zalla tsatsa za ta ci famfon.

Abin ɗauka kuwa, nemi sufana mai awon ƙarfin ɗauri, akwai a Abossey Okai ta Accra, akwai a Magazine. Yawancin zaren da ke lalacewa a kan silinda da notin juye baƙin mai ɗaurin ƙarfi ne ya kashe su. Su notin juye mai har huda shi suke yi su ɗaure da siririyar waya don kada girgiza ta kwance shi, ka yi wa duk babur mai doguwar tafiya haka. Man birki yana shan danshi, in ya tsufa sai ya tafasa a gangara hannun birki ya tafi fanko, a canza shi duk shekara biyu ko da bai ragu ba. In ka ja sarƙa, ƙirga alamomin gefe biyu su zo daidai, ka bar mata sassaucin da littafi ya ce. Sannan ka ajiye littafi a shago: lambar babur, kilomita, abin da aka canza, ranar da aka canza. In mai babur ya dawo da ƙorafi, ka taɓa abu ɗaya, ya zaga ya dawo, kafin ka taɓa na biyu.